A ba ni shawara: Baba na so in gaje shi a wazifa, ni kuma ban taɓa binciken abin da nake bi ba

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan. Ni ɗan cikin birnin Katsina ne, wajen Ƙofar Sauri. Mahaifina muƙaddamin Tijjaniyya ne, a zauren gidanmu ake wazifa bayan magariba, ran Juma'a kuma a yi zikiri da la'asar sakaliya. Tun ina ƙarami ni ke shimfiɗa farin ƙyallen da ake sawa a tsakiya in an zo karanta salatin Jauhara a cikin wazifa. Na yi allo na sauke, na yi Ahalari da Ishmawi a gabanshi, na fara Iziyya sai boko ya ɗauke ni.

Bautar ƙasa aka kai ni kudu, wata sakandare a ƙauye. Ɗaki guda aka ba mu da wani Kirista. Wallahi mutumin kirki ne. Risho ɗaya, tukunya ɗaya, da azumi shi ke buga mani ƙafa in na makara sahur, har kunun tsamiya ya koyi damawa, kodayake nashi kullum sai ya yi gudaji. Da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya goya ni a babur zuwa asibitin garin da ke gaba, ya biya kuɗin allura daga alawus ɗinshi, har yau bai karɓa ba. Wani dare babu wuta muna shan iska a waje, na ce mashi ina yi mashi kwaɗayin Musulunci. Sai ya yi dariya, ya ce da a gidansu aka haife ni da yanzu ni ke kiranshi coci, da a gidanmu aka haife shi da shi ke riƙe da carbi. Ya tambaye ni ko na taɓa karanta wani abu ban da wanda aka miƙo mani. Na rasa ta cewa.

A fahimce ni, ban bar salla ba, kuma ba na shakkar Allah da Manzonsa. Amma tun da na dawo na daina zama wazifa. Yanzu ciwon ƙafa ya matsa ma Baba, ya ce bayan Mauludi ni zan riƙa ja. Ban amsa ba, ban ƙi ba. Shin imanin wanda ya gada bai bincika ba ya inganta? In nemi Baba ya ba ni lokaci, ko in karɓa in yi shiru?

Direban Katsina zuwa Kano:
Wasiwasi ne kawai ƙanena. Ka yi ta A'uzu billahi, ka goge lambar abokin nan. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Malamin Islamiyya:
Direba ka yi haƙuri, wannan ba amsa ba ce. Ɗan'uwa, Allah ne ya so ka da rahama ya sa wannan tambayar a bakin wanda ba ka zata ba. Abokinka bai zo da sabon abu ba. Hadisi ne a Buhari da Muslim cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse. Ka ga Manzon Allah (SAW) ya riga shi faɗin tasirin gida. Sannan ka buɗe Baƙara aya ta 170, ka ga yadda Allah ya zargi masu cewa su abin da suka tarar da iyayensu a kai za su bi. Ahalarin da ka ce ka karanta, da me ya buɗe? Farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa, kuma bai halatta ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa. To ka san hukuncin farin ƙyallen da kake shimfiɗawa? Musulunci ba ya tsoron bincike. Abin da ke tsoron bincike shi ne ƙarin da aka yi masa. Mutanen da suka kafa Izala a Jos a 1978 da waɗanda suka fara binsu, da yawansu 'ya'yan gidan ɗariƙa ne da suka zauna suka duba hujja. Kada ka karɓi jan wazifar nan. Ka gaya wa mahaifinka cikin ladabi, gobe ma ba jibi ba.

Almajirin zaure:
Allah gafarta Malam, an tambaye ka hanyar Makka ka nuna hanyar masallacinku. Yaron da aka haifa a gidan Izala a 1990, ya tashi ya ga babansa ba ya Mauludi shi ma bai yi ba, wane bincike ya yi? Shi ma gado ne. Kuma ka kawo aya guda ka bar guda: a Suratu Yusuf aya ta 38, Annabi Yusufu da bakinsa ya ce ya bi addinin iyayensa Ibrahimu da Ishaƙa da Yaƙubu. Bin iyaye a kan ɓata aka zarga.

Ɗan'uwa, tambayarka tsohuwa ce a littattafan tauhidi, imanin muƙallidi ake ce mata. Malamai sun yi saɓani, wasu sun tsananta, mafi yawa sun ce imaninsa ya inganta matuƙar ya sakankance, sai dai ana neman ya san dalili ko da a dunƙule. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an yi wasu ɗalibai masu tare talakawa da tambayoyin ilimin kalami, wato kafa hujjar tauhidi da hankali, wanda ya kasa kawo hujja su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi sosai a rubuce. Wannan ke nan. Na biyu, ɗariƙa ba a gadonta, karɓa ake yi da izini a hannun muƙaddami, da sharuɗɗa, ciki har da cewa ba za ka bari ba har mutuwa. Kai ka karɓi lazimi, wato wuridin safe da yamma na ɗan ɗariƙa, da bakinka, ko zama kawai kake yi a zaure?

Maman yara daga Daura:
Ku maza ma har kuna da bakin cewa zaɓi. Ni a gidanmu shekara ba ta wucewa ba a dafa abincin Mauludi ba. Aka aurar da ni, maigida ya ce bidi'a ce, ranar ko gidanmu ba zan taka ba. Bara mahaifiyata ta aiko da kwanon tuwo da kaza, a ƙofar gida ya mayar da yarinyar da ta kawo. Wa ya tambaye ni me na bincika? Na bi na uba, na koma na bi na miji. Ƙanena ka lallaɓa tsohon nan, kana da shi yau ne.

Ɗan Kafur:
Ni Bahaushe ne Kirista, a yi mani uzuri in sa baki. Kakana Bamaguje ne. Shi da ƙanenshi uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya bi masu bishara, ƙanen ya musulunta lokacin da ya shiga fatauci. Su biyun nan su suka zaɓa, kuma duk sun sha gori a dangi. Mu jikoki, ni da 'yan'uwana Musulmi da muke haɗuwa wajen biki da ta'aziyya, kowa abin da ya tarar ya riƙe. Ban ce kowa ya bar nashi ba. Amma ni ma sai da na girma na zauna na karanta nawa da kaina, don kunyar a tambaye ni in yi shiru.

Mai neman shawara:
Na gode. Direba ba zan goge lambar mutumin da ya yi jinyata ba. Malam kuma ni ban ce Baba yana kan ɓata ba, mutumin da ko kwabon wani bai taɓa ci ba. Karatu ina yi, ina sauraren malamai a waya kusan kowane dare.

Wata malamar firamare:
Waɗanne malamai? Wayar nan wanda ka saurara jiya shi za ta sake kawo maka yau. Kuma akwai abin da ban gane ba. Abokinka a kan addini gaba ɗaya ya tambaye ka, kai kuma wazifa kaɗai ka ajiye. Me ya haɗa su? Ko akwai wata a gefe?

Mai neman shawara:
Hajiya akwai wadda nake nema, kuma gaskiya ne babanta ba ya bin 'yan ɗariƙa salla. Amma wallahi ba ruwanta da wannan, tun kafin in san ta abin ke cina.

Direban Katsina zuwa Kano:
Ashe dai! To ka ce aure kake bincike.

Malamin Islamiyya:
A bar zolaya. Ko mace ce sanadi, ina laifi in ta kai shi ga sunna? Almajiri, da kakanninmu sun tsaya a kan gado da yanzu tsafi ake yi a Katsina. Sai da aka samu sarki irin Muhammadu Korau a ƙarni na 15 ya karɓi Musulunci, malamai irin Almagili suka zo a shekarun 1490 suka karantar, aka gina masallacin Gobarau. Salmanul Farisi ɗan masu bautar wuta ne, ya bar gidan ubansa ya bi malaman Nasara ɗaya bayan ɗaya, aka sayar da shi bawa, har ya iso Madina. Wannan shi ne neman gaskiya. Ɗan'uwa ka same ni ta akwatin sirri in turo maka karatuttuka, cikin mako guda za ka gane.

Almajirin zaure:
Mako guda! Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani da ke kwance a garin nan, a mako guda suka yi nasu? Ɗan'uwa malami yana cikin gidanku. Ka ɗauki Iziyyar da ka ajiye ka durƙusa gaban Baba, ka tambaye shi hujjar kowane abu, har ƙyallen. In ya kasa sai ka nemi wani. Kuma har yanzu ba ka ce mani ko ka karɓi lazimi ba.

Mai neman shawara:
Ba ku san Baba ba ne. In na ce mashi "mene ne hujja" zai ɗauka na koma Izala, hawan jininshi ya tashi. Yanzu haka Inna ta ce mani ya ba tela shadda a ɗinka mani babbar riga ta ranar. Ni abin da nake so in sani, in na zauna na ja wazifar alhali zuciyata ba ta natsu ba, munafunci ne ko biyayya?

Maman yara daga Daura:
Mu da muke yi shekara da shekaru wa ya ba mu amsa?

Malamin Islamiyya:
Na turo maka saƙo, ka duba.