Jama'a, me za mu kira "coat of arms" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan Jami'ar Oxford ta Ingila, kalmar nan ta tsaya min a wuya. Abin dai alamar jami'ar ce: fili ne shuɗi, buɗaɗɗen littafi a tsakiya, kambin zinariya 3, biyu sama ɗaya ƙasa. A littafin an rubuta "Ubangiji ne haskena" da Latin, wato farkon Zabura ta 27. A taimaka.

Malamar firamare: Tambari mana. Tambarin Najeriya muke ce wa yara, mai dawakai biyu da mikiya.

Ɗan jarida: Ko hatimi.

Mai shirin rediyo: Littafin kansa hatimi 7 ke rataye a gefensa. In ce hatimi cikin hatimi?

Tsohon malamin Hausa: Tambari ganga ce ta sarauta, ku daina ɓata ta. Yau alamar kamfanin sabulu ma tambari! Abin nan a garkuwa ya samo asali. A ƙarni na 12 mayaƙan Turai suka fara zana alamun gidajensu a garkuwa, magada suka ci gaba da riƙewa. A Landan har hukuma gare shi tun 1484, ba ka zana naka ka rataya haka kawai. Ni "garkuwar asali" na daɗe ina koyarwa. Dabbobin gefe dogarai ne, abin da ke sama tukku, rubutun kuma kirari.

Ɗan jarida: Baba, da girmanka, in aka ce garkuwar jami'a mai sauraro zai zaci wani attajiri aka naɗa wa sarauta.

Tsohon malamin Hausa: Ku 'yan jarida kuka kashe harshen nan. Hatimin naka ai Larabci ne.

Ɗan jarida: Asalin naka fa?

Wata daga Maraɗi: Ku mutanen Kano kullum ku yanke mana hukunci, sai ka ce a Kasuwar Kurmi aka haifi Hausa.

Ɗan jarida: Hajiya, ni ɗan Zariya ne.

Malamar firamare: Malam, bar su. Ka ce "tambarin jami'ar, mai siffar garkuwa". Kirarin Baba kuwa ya zauna, ɗauke shi.

Mai shirin rediyo: Na ɗauka, Allah ya saka da alheri. Baba, a yi haƙuri.

Tsohon malamin Hausa: To, tunda garkuwar ta shiga. Amma ranar da za ka yi na Najeriya, dawakan nan dogarai ne.