Tambaya ga iyaye mata masu aiki a Yamai: barcin ɗiyata ya cinye lokacinmu

Assalamu alaikum, yayyena da ƙannena. Ni 'yar Najeriya ce, aiki ya kawo ni Yamai, ba ni da dangi kusa. Ɗiyata shekararta 3. Ina tashi aiki ƙarfe 5:30, amma cunkoson gadar Kennedy kan riƙe ni, ba na isa gida a unguwar Harobanda sai gab da magariba.

Matsalar barcin rana ce. Mai reno na kwantar da ita bayan azahar, ga zafi, sai ta yi awa uku cur. Da dare idonta biyu har 11, da safe kuma kuka wajen shirin makaranta. In an hana ta barcin, da sallar magariba take ɓingirewa da cokali a hannu, ko tatsuniya ɗaya ba mu yi ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, domin a bakina kaɗai take jin Hausa. Makaranta Faransanci, mai reno Zabarmanci.

Na san yaro mai shekarunta na bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana. To yaya kuke raba shi? A rage na rana da minti 15 kullum, ko a yanke shi zuwa awa ɗaya lokaci guda? Kuma ƙarfe nawa ya kamata a tashe ta?