Ina neman Hausar capture card kafin Alhamis

Malama ta Arkilla: Assalamu alaikum. Ran Alhamis zan yi shirin rediyo kan yadda ake naɗar shirin talbijin a kwamfuta, amma kalmar capture card ta tsaya mini. Malamai, me zan kira shi?

Ɗan Mabera: Katin naɗar bidiyo, Malama.

Injiniya: Ƙanena, ba shi ke naɗa ba. Aikinsa ya karɓi hoto da sauti daga dikoda, ta kebul ɗin HDMI ko ta wayoyin nan uku, rawaya da ja da fara, ya miƙa wa kwamfuta. Manhaja irin OBS Studio ce ke naɗa. Kalmar kati ma ta fi dacewa da wanda ake sokawa a ramin PCIe cikin kwamfutar tebur. Na kasuwa yanzu galibi na USB ne, kuma Bahaushe in ya ji kati, katin waya yake tunawa.

Baba na Kanwuri: To ga ta nan cikin gida: mazurari. Abin da anka zuba ta sama shi ka fita ta ƙasa, bai riƙe komi. Mazurarin hoto. Mi za a tsaya nema?

Injiniya: Baba, a gafarce ni, mazurari bai taɓa canja abin da aka zuba masa ba, wannan kuwa yana canjawa. Na arha mai USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, dole ya matse hoton. Kwalinsa zai ce 4K, alhali abin da yake karɓa ke nan, wanda zai ba kwamfuta bai wuce 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa ba. A nemi USB 3.0 na gaske.

Ɗan Mabera: A shago dai kafca kad ake cewa. Ka ce mazurari, wajen masu man gyaɗa za a tura ka.

Baba na Kanwuri: Haka munka yi da kalmomi da yawa har sunka ɓace. In Kano ko Kaduna anka ƙirƙiro ta, da kowa ya amsa. Sakkwato fa ba a raina ta ga harshe.

Ɗan Mabera: Ba wanda ya raina Sakkwato, Baba. Rediyo ma ai aro ce.

Malama ta Arkilla: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya.

Injiniya: Malama, ki ce na'urar shigar da hoto, don ta bambanta da mai kamo tasha da eriya, wadda a Nijeriya sai mai DVB-T2 in tashar dijital ake so. Ki faɗa musu abu uku. In ta wayar rawaya ne, a zaɓi PAL, tsarin hoton talbijin na nan Nijeriya, a manhaja, don in an bar shi kan NTSC na Amurka hoton kan fito babu launi ko yana birgima. In ta HDMI ne allo ya yi baƙi, sau da yawa kariyar hana kwafe hoto (HDCP) ta dikodar ce, na'urar lafiyarta ƙalau. Sai wurin ajiya: in ana naɗa a megabit 8 a daƙiƙa, awa ɗaya na cin gigabait 3.6. Kuma da zafin watan Afirilu kada a ɗora na'urar kan dikoda, in ta ɗau zafi hoto yakan riƙa tsinkewa.

Malama ta Arkilla: Na gode. Zan ce na'urar shigar da hoto cikin kwamfuta, in ambaci kafca kad sau ɗaya saboda masu zuwa saye.

Baba na Kanwuri: Ta yi tsawo ga baki. Ki dai saka mazurari ko sau guda, mu ji abin da masu saurare za su ce.