Neman kalma: mi za mu ce ma "dissuasion nucléaire" da Hausa?

Jama'ar Tawa da kewaye barkanku da war haka. Kalma guda ta tsaya mini a wuya, dissuasion. Duk sanda anka tambayi Faransa mi ya hana ta shiga yarjejeniyar haramta makaman nukiliya amsarta guda ce, wai tsaron ƙasarta ya dogara kan dissuasion nucléaire. Yarjejeniyar da nike nufi ita ce wadda ƙasashe 122 sunka amince da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Yuli 2017, ta fara aiki 22 ga Janairu 2021 bayan ƙasashe 50 sun tabbatar da ita, mu ma Nijar mun sa hannu a Disamba 2020, amma cikin masu bam ɗin ko ƙasa guda ba ta shiga ba. Désarmement mun gama da shi tuni, kwance ɗamara. Non-prolifération kuma hana yaɗuwa. Dissuasion ce dai kowane mai fassara a rediyo ke zuwa da tashi. Abin da take nufi: ina riƙe da makamin da in ka taɓa ni zan maida maka da abin da ba ka iya ɗauka, don haka ma kada ka soma. Ku kawo shawara.

Wani mushen lakwal: Malam ai tsoratarwa ce kawai, mi za a wahala.

Mai tambaya: Mushe na yi tunaninta, amma ta yi faɗi da yawa. Ɗan fashi ma tsoratarwa yake, uwa ma tana tsorata yaro da dodo. Babu maganar ramawa cikinta, kuma ramawar ita ce gindin zancen.

Wata malama daga Yamai: Ni dai kandagarki na taɓa ji, ko rigakafi. Tunda su cewa suke don kada a yi yaƙin ne.

Wani tsohon soja: A'a Hajiya, rigakafi na allura ne. In munka ce rigakafi mun wanke musu abin tas mun shafa mishi turare. Faransa da ke da kawunan bam kusan 300, da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku guda 4 waɗanda kullum aƙalla guda na cikin ruwa yana jiran oda, ga kuma jiragen Rafale masu ɗaukar wasu, wannan ba allurar ƙyanda ba ce. Kuma mu 'yan Sahara bai kamata mu taya su tausasa kalma ba, bam ɗinsu na farko a Reggane sunka tashe shi cikin hamadar Aljeriya ran 13 ga Fabrairu 1960, gwaji 17 sunka yi can tsakanin Reggane da In Ekker har 1966, maƙwabtanmu ne hwa, iska kuwa ba ta san iyaka ba.

Wani ɗalibi: Baba to a ce kar ta san kar mana 😂

Tsohon sojan: Ɗana wannan ta dace da Amurka da Rasha, ko Indiya da Pakistan, inda kowa ya san abin da ɗan uwanshi ya taka. A fada tana da daɗi, amma mai karanta labarai ba ya cewa manufar kar ta san kar ta ƙasar Faransa, dariya za a yi.

Malamar Yamai: To barazana hwa? sai dai ita ce muke sa ma menace.

Mai tambaya: Hajiya kin kusa, kuma ina ganin ba laifi ba ne don ta yi kama da menace, nan ma maganar take. Ku duba sashe na 1 na yarjejeniyar 2017, bayan ƙerawa da gwadawa da mallaka da amfani, ta haramta har yin barazanar amfani da makamin. Shi ya sa Faransa ta iya shiga yarjejeniyar hana yaɗuwa a 1992, ta daina gwaji a 1996, ta tabbatar da yarjejeniyar hana gwaji a 1998, duk waɗannan ba su taɓa dissuasion ba, amma wagga ta 2017 in ta sa hannu ta rushe manufar ɗungurungum. Kenan in munka fassara da kariya ko rigakafi mai saurare ba zai gane dalilin ƙin ba, zai ce to mi ya hana su tunda kariya ce kawai. Da barazana kuwa nan take ya gane. Abin da ya rage a ƙara mata ramuwa, don a bambanta da barazanar mai shirin kai hari da fari. Barazanar ramuwa.

Mushen lakwal: Barazanar ramuwa da nukiliya. Ta shiga baki. Amma su za su ce ba su yi ma kowa barazana.

Mai tambaya: Su faɗa da Faransanci Mushe, mu Hausa muke.

Tsohon sojan: Gwada ta cikin jimla mu ji.

Mai tambaya: Faransa ta ce ba za ta shiga yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ba saboda tsaronta ya dogara kan barazanar ramuwa.

Malamar Yamai: Ta zauna. Force de dissuasion kuma sai a ce rundunar ramuwa ta nukiliya. Saura parapluie nucléaire, wato ƙasa mai bam ta yi alkawarin kare ƙawayenta da shi, don kada gobe in ji wani ya ce lemar nukiliya a rediyo, wa ke da shawara?