Ɗana likita ya kafe sai aikin soja, me zai tarar a fagen daga?

Uwar Likita, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Babban ɗana ya gama karatun likita a ABU, ya yi horonsa a asibitin koyarwa na Shika, ya gama bautar ƙasa. Yanzu ya kafe sai ya shiga soja, wai tiyata yake so. Mahaifinsa ya rasu, ni ce mai sa albarka ko hanawa. Kullum sai ya ce, "Umma, likita ai a baya yake tsayawa." Hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya san aikin nan ya faɗa mini gaskiya.

Tsohon Saje, Basawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ma'aikacin jinya ne na soja, ta Depot ɗin nan Zariya, inda ake horar da kuratan soja, na shiga, kuma ina cikin waɗanda aka kai Laberiya bayan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta shiga a 1990. Ni nake miƙa wa likita almakashi, abin da idona ya gani zan faɗa.

Abin da ya fi cin ran likita shi ne zaɓe. Mota guda za ta sauke mutane jina-jina, likita ɗaya, gadon tiyata ɗaya. Dole ya bi su ya raba: wannan yanzu-yanzu, wannan zai iya jira, wannan kuwa a yi masa allurar kashe zafi a kwantar da shi gefe. Na ukun nan idonsa biyu, Hajiya, yana kallon likita, wataƙila jiya tare suka ci abinci. Ogana idan ya gama sai ya zauna bayan tanti, takalminsa duk jini, a kawo abinci ya huce bai taɓa ba.

Ga matsalar jini. Ledar jini sai firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, man janareta kuwa ƙarewa yake. Mu muke kwanciya a ɗebi namu a ƙara wa na kan gado. Da hannuna na riƙe tocila aka ɗinke hanjin wani yaro, kuma ya tashi.

Nas ɗin tiyata, Samaru:
Mama, bari in ƙara a kan na Baba Saje. A Arewa maso Gabas, bam ɗin da ake binnewa a hanya shi ke kawo mummunan rauni: ƙashi a ragargaje, ƙasa da tsumman kaki sun shige cikin nama. Likitan da ke gaba ba ya tsayawa kwalliya. Ya tsayar da jini, ya wanke, ya yanke naman da ya mutu, ya bar raunin a buɗe, a tura Maiduguri, wasu har asibitin soja na 44 a Kaduna. Sau da yawa ba zai ji yadda mutumin ya ƙare ba. Yanke ƙafar saurayi ɗan shekara ashirin kuma ba a sabawa da shi.

Sannan Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta wajabta masa duba abokin gaba da ya ji rauni, kuma tsananin ciwo kaɗai ke sa a fara da wani. Ki duba nauyin wannan, alhali gawar abokinsa tana waje.

Duk da haka, Mama, ni ba zan ce ki hana shi ba. Zubar jini ke kashe da yawa daga cikin waɗanda da an yi sauri za su rayu, kuma su ma 'ya'yan wasu ne.

Uwar Likita, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, har na yi hawaye. Baba Saje, shi kansa fa, ana kai musu hari?

Tsohon Saje, Basawa:
Doka ta hana, Hajiya, amma bam ɗin hanya bai san motar asibiti ba, kuma cikin ayari ɗaya suke tafiya da sauran. Shawarata, hannunsa ya fara nuna a tiyata kafin a tura shi gaba. In ya dawo hutu kika ga ba ya barci, ko ƙarar ƙofa tana firgita shi, kada ki ce zai wuce, ki sa ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ki turo shi Basawa bayan la'asar mu zauna, akwai abin da sai baki da baki.