Fararen ɗige-ɗige sun cika min falo a Blender, ku taimaka

Mai Zanen Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina a tashe yake. Wani Alhaji ya ba ni aikin zana falon gidan da yake ginawa, kuma ta hannun yayan matata aikin ya zo, shi ya sa ba na son in ji kunya. Ya ba da rabin kuɗi. Hajiya ta sa an canza labule, an canza tayil, yanzu ta ce sai an rataya fitilar gilashi a tsakiyar silin. Da Blender, manhajar zanen 3D, nake aikin. Tun da na sa fitilar, duk rendar da na yi, wato fitar da cikakken hoton, a Cycles, injin renda na Blender, sai fararen ɗige-ɗige su watsu a bango kamar an barbaɗa gishiri. Ga kuma baƙin tabo inda bango ya haɗu da silin. Juma'a zan kai aikin.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Wane Blender ne, kuma samful nawa ka sa, wato sau nawa yake lissafa haske a kowane ɗigon hoto?

Oga Injiniya: Ba sai an tambaya ba, fitilar ce. Ƙanena, ka kulle ƙaramin ƙwan fitila mai tsananin haske a cikin gilashi. Cycles ba ya iya bin sawunsa kai tsaye, sai wanda ya yi dace ya faɗa kansa, nan ne ɗigon ke fitowa fari fat. Shiga Light Paths, kashe Caustics, wato ƙyallin da haske ke yi in ya ratsa gilashi ko ya dawo daga abu mai sheƙi, duka biyun. Clamp Indirect, mai taƙaita ƙarfin hasken da ke dawowa daga jikin abubuwa, yana zuwa a 10, sauke shi zuwa 3. Tabon kuwa fuskokin bango biyu ne suka hau kan juna. Zaɓe su duka, danna M, Merge By Distance, sannan Shift+N.

Mai Zanen Gida: Na gode Oga, amma ƙyallin nan shi Hajiya take so, ba zan kashe ba. Bangon kuma daga fayil ɗin mai zanen ginin na ɗauko, ba na jin akwai matsala.

Ɗan Sabon Gari: Kai dai ka gode Allah an ba ka rabi. Ni na kwana ina renda, saura kaɗan aka ɗauke wuta, mai aikin kuma ya ce ai kwamfuta ce ke yi, me zai biya. Kai samful 4096, kunna OpenImageDenoise mai share ɗige-ɗigen hoto, ka je ka kwanta.

Oga Injiniya: Kada ka ji wannan. Ɗigon da ya yi ƙarfi, mai share hoton shafe shi zai yi ya bar maka dabbare-dabbare. Kuma fayil ɗin masu zanen gini shi ya fi zuwa da fuskoki ninki biyu.

Maman Hanan: Oga, in ya kashe Caustics ƙwan na cikin gilashi, ai falon duhu zai yi, Clamp ɗin ma yana dusashe haske. Malam, zaɓi gilashin, je Ray Visibility ka cire alamar Shadow, haske zai wuce. Ƙyallin ka ƙara shi daga baya da Glare, mai ƙara wa hoto ƙyalli bayan renda.

Oga Injiniya: Wannan haske na ƙarya ne.

Maman Hanan: Alhajin ba zai auna ba.

Mai Zanen Gida: Ni a darasin da na koya ba a taɓa Clamp ba, kuma ya fito tsaf. Samful 128 na sa don laftof ɗin yana zafi. Ko in koma Eevee ne, ɗaya injin rendar? Na ji an gyara shi a Blender 4.2.

Oga Injiniya: Ka duba bangon ko ba ka duba ba?

Mai Zanen Gida: Zan duba in an kawo wuta. Yanzu Hajiya ta turo saƙo, tana son madubi a bayan kujera.