Kamfaninmu ya ba mu awa huɗu a mako don buɗaɗɗiyar manhaja, ta ina zan fara?

Mai_Python:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku ina rubuta manhaja a wani kamfani, galibi da Django nake aiki, wato kayan gina shafukan intanet da harshen Python. Makon jiya shugabanmu ya tara mu ya ce daga yanzu kowa yana da awa huɗu a mako da zai yi wa buɗaɗɗiyar manhaja aiki, wato wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta ya kawo gyara, kuma albashinsa na tafiya. Na ji daɗi, don rabin abin da muke sayarwa a kan gumin wasu mutane yake zaune, waɗanda ba mu taɓa ba ko sisi ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. An ce a ƙarshen shekara za a ƙirga gyare-gyaren da aka karɓa daga hannun kowa a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki tare. Kuma takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni aiki ta ce duk kod ɗin da na rubuta a lokacin aiki mallakin kamfani ne. To in na tura gyara, da izinin wa zai shiga? Kuma wace manhaja zan kama?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar ƙirgar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Ka tuna Hacktoberfest na 2020? Shiri ne na jawo mutane su taimaka wa buɗaɗɗun manhajoji, kamfanin DigitalOcean ke shirya shi tun 2014, a lokacin wanda ya tura gyara huɗu a watan Oktoba a ba shi riga. A wannan shekarar sai mutane suka yi ca, wannan ya ƙara waƙafi, wancan ya canja kalma ɗaya a shafin bayani, duk don riga. Masu kula da manhajojin suka wuni suna share shara maimakon aikinsu. Cikin 'yan kwanaki dole aka sauya doka, aka ce sai manhajar da masu ita suka amince a sa ta a ciki. Riga ce fa kawai ta jawo haka, ina ga an haɗa da ƙarin girma? Ni da kai ne, da na je na sami shugaban naku tun yanzu, kafin abokan aikinka su zubar da mutuncin kamfanin.

Hajiyar_Linux:
Malam, batun mallaka kada ka yi wasa da shi. Wasu manhajojin sai ka sa hannu a yarjejeniyar CLA, wadda ke ba su izinin amfani da kod ɗinka, kafin su karɓi aikinka, kuma gidauniyar Apache, mai kula da buɗaɗɗun manhajoji da yawa, har tana da wadda kamfani ke sa wa hannu a madadin ma'aikatansa. Linux kuwa DCO, wato shaidar asalin kod, take amfani da shi tun 2004: ka rubuta git commit -s, sunanka ya fito a ƙasa, ma'ana ka shaida kana da ikon ba da wannan kod. In na kamfani ne, ai ba ka da wannan iko sai sun ba ka. Ka nemi izini a rubuce, ko da saƙon imel ne. Maganar baki ba ta da shaida ranar da shugaban ya bar wurin.

Tsohon_Hannu:
Hajiya ta gama magana. Amma bari in koma tambayarka ta biyu. Kama abin da kake amfani da shi kullum, wanda ka san inda yake ciwo. Tunda Django ce, ka sani ba a GitHub suke ajiye rahoton matsaloli ba, a wani tsarin bin rahotanni ne mai suna Trac, kuma akwai waɗanda suka yi wa alamar masu sauƙi don sababbin zuwa. Sai dai ni na fi so ka leƙa ƙananan manhajojin da taku ta dogara a kansu, irin masu mutum ɗaya tak a bayansu.

Dalilina xz, wata manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, sai ga ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya dasa a xz bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yarda a wurin mai kula da manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai. Mai kulawar ba sabon kod ya rasa ba, ya rasa idon da zai taya shi duba na wasu. Duba gyaran wani, gwada matsala a ga ko da gaske ce, amsa tambayoyin masu amfani: duk wannan aiki ne, kuma ƙirgar kamfaninku ba za ta gan shi ba.

Mai_Python:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe jerin abubuwan da manhajarmu ta dogara a kansu, na tarar da wata ƙarama da muke fitar da PDF da ita, gyare-gyaren mutane sun taru ba wanda ya duba. Da ita zan fara. Na tura wa shugaban imel ina neman izinin a rubuce, na kuma tambaye shi ko duba aikin wasu zai shiga lissafi. Har yanzu dai bai amsa ba.